Ba Mai Shuka Kafin Mama

Karagita, Naivasha
Lahadi, bayan coci

Nyar Sakwa, 'yar mutanen Sakwa, 'yata Rispa,

Ina gaishe ki. Ya gida, ya mijinki ɗana Oluoch, ya jikata Akoth, tarin nan ya sake ta? Ki ce mata kaka ta ce ta daina zuwa bakin rijiya ba takalmi. Ni lafiyata ƙalau, sai ƙugun nan da kin san halinsa, in na sunkuya sai ya yi magana.

Rispa, in kina tsaye ki nemi kujera. Zancen nan da ake ta yi tun bara, wai manyan kamfanonin fure za su ɗaga mafi ƙarancin albashi, da muke cewa 'yan ƙungiya ne kawai ke lallashinmu, to ya tabbata. Ran Juma'a muna ɗakin ɗauri ina tsinke ƙayar wardi, sai wayoyi suka fara kuka a aljihun mutane, nan ƙit, can ƙit, kamar kwaɗi bayan ruwa. An hana taɓa waya a wurin aiki, amma ranar har Madam Kemunto shugabar layinmu ta juya baya ta zaro tata daga ƙirji. Na duba tawa. Na ce a'a, kuɗin wani ne ya ɓata hanya. Na miƙa wa Nekesa, ƙawata da muke tebur ɗaya, na ce karanta min. Ta karanta ta ce, "Naki ne, tsohuwar banza, rufe bakin kada ƙuda ya shiga." Sai ta duba nata, ta zauna a ƙasa daɓas a kan ganyen da muka zubar, tana dariya tana hawaye.

Kin san me na fara yi? Na je wurin mahauci na ce a yanko min tsoka. Ya ce, "Min Oluoch, uwar Oluoch, ƙashin naki na nan na ajiye miki." Na ce ba wa karenka. Jiya kuma na yi tabarau. Kai Rispa! Ashe furen nan da na tsufa ina ɗaurewa yana da jijiyoyi sirara kamar na fatar idon jariri. Ashe Nekesa tana da furfura. Na tsaya a bakin titi ina ta kallon tsuntsayen tafki har wani ɗan acaɓa ya ce Mama ko an yi miki sata ne.

Abin da ya fi ɗaure min kai, wai Turawan da ke sayen furen ne suka ce ba za su ƙara saye ba sai an biya mu abin da mutum zai rayu da shi. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskata ba. Na kwanta ina ta tunani, wace mata ce can a ƙasar sanyi ta tsaya a kanti ta ce, wadda ta ɗaure wannan ta ci abinci kuwa? Allah ya san ta, ni ban san ta ba.

Akwai ƙari. Mu tsofaffin hannu za a mai da mu 'yan dindindin, da katin asibiti, da ɗan abin da za a ba mutum in ƙarfi ya ƙare. Sai dai an ce ba hutu ba fashi har a gama jigilar ranar uwa ta Turawa a watan Mayu. Wai suna da rana guda da kowa ke kai wa uwarsa fure, kin ji wani abu. Ki gaya wa Oluoch, ni ko ganyen rogo bai taɓa kawo min ba.

Na turo abin sukari da takalmin Akoth.

Mamanki,
Perpetua Aoko

*

Alego, Siaya
Laraba

Mama,

Mun gaishe ki da kyau. Kowa lafiya. Tarin Akoth ya tafi, takalmin kuma ta ƙi cirewa, da shi take kwana. Oluoch yana nan yana fama da babur, ya ce a gaya miki ganyen rogo na nan tafe.

Mun yi murna, Mama, Allah ya ga wahalarki. Amma labarin ya riga saƙonki isowa, a rediyo aka faɗa. Tun ranar gidan nan bai rabu da baƙi ba. Matan da ba su taɓa tambayar ko kina raye ba duk sun zo jin lafiyar ƙugunki. Baba Ogola, yayan marigayi Baba, ya zo da sandarsa ya sha shayi kofi biyu, ya ce a gaya miki rufin ɗakinsa yana yoyo, wai ba roƙo yake ba, labari yake bayarwa.

Na yi dariyar mahauci har Akoth ta zo tana leƙa wayar. Amma da na kai ƙarshen saƙon sai dariyar ta tsaya. Mama, Mayu kika ce? Ko idona ne?

Hadari ya fara haɗuwa ta wajen tafki kowace yamma. Oluoch ya yi hayar shanu an yi huɗa, gonar tana kwance a buɗe. Irin masara da wake da dawa suna cikin tukunyarki da toka, ban taɓa ba. Kowace shekara kina ɗaukar kwanaki ki zo ki jefa irin farko ki koma, mu bi bayanki. Ke ce uwar gidan nan, ba mai shuka kafin ke, ba sai na gaya miki ba, ke kika koya min ranar da aka kawo ni. In sai Mayu, ai lokacin mutane suna noma na biyu ne. Abin da za mu shuka a Mayu tsuntsaye ma ba za su tsaya kallonsa ba.

Ki yi musu bayani. Ai su ma mutane ne, da uwa aka haife su.

'Yarki,
Rispa

*

Karagita
Lahadi

Nyar Sakwa,

Gaisuwa gare ku duka. Ina lafiya, sai gajiya. Ki yi haƙuri na daɗe ban rubuto ba, in na dawo yatsuna ba sa lanƙwasuwa.

Ba idonki ba ne, Mayu na ce. Na saka shi a ƙarshe ne don ni ma ba na son in kalle shi.

Bari in gaya miki yadda abin ya juya. Ƙarshen wata aka kira 'yan wucin gadi aka ce an gode. Har da Nekesa. Albashin nan sabo sau ɗaya ta taɓa shi. Tana nan a gidan hayarmu tana yi wa mutane wanki, in na dawo da nama sai in rasa ta inda zan bi da shi. Teburinmu da na kusa an haɗe, aikin mutum uku yanzu biyu ke yi. Mai gidan haya shi ma yana da rediyo, ya ƙara kuɗin ɗaki. Mai ganye ta rage ƙulli. Duk da haka ba zan yi wa Allah butulci ba, abin da ke saura a hannuna ya fi na da nesa ba kusa ba. Na je asibiti da katin nan aka duba ƙuguna, ba wanda ya ce kawo ko sisi. Na tsaya a ƙofa ina jira a kira ni a ce na manta ban biya ba, ba a kira ba.

Na sami Madam Kemunto. Na ce, "Madam, in tafi yau, in jefa iri gobe, jibi ina kan teburina."

Ta ce, "Mama, da can da kike 'yar wucin gadi, in kin tafi wa ya damu? Ba a biya ki ranar ba, shi ke nan. Yanzu kin yi tsada."

Na ce, "Gidana ba za su ci ba bana."

Sai ta ja hannuna ta kai ni taga ta ce duba. Rispa, ban taɓa ganin mutane haka ba sai a jana'izar babban mutum. Tun da labarin albashin nan ya bazu, kowace safiya bakin get cike yake, mata da maza, wasu da goyo, wasu da jakar da suka sauka da ita daga mota, sun tsaya suna kallon ƙofa. Har bayan shagunan can layin ya kai. Ta ce, "Kowace a cikinsu ta fi ki ƙugu. Ni ma kakata haka take yi da gero, na sani. Amma in na rubuta ba ki zo ba, wanda zai karanta yana Nairobi, bai san gonarki ba."

Ban ji haushinta ba. Ita ma tsoro take ji.

To ga abin da na yanke. Ni Perpetua, da bakina, na ba ki izini. Ki shuka. Na yafe, ba komai a raina. Na tambayi fasto ma ya ce ƙasa ta Ubangiji ce, ba ta tambayar hannun wa ya fara. Ki karanta wa Baba Ogola wannan da ƙarfi, ta kunnen dama, na hagun ya mutu.

Mamanki

*

Alego
Talata

Mama,

Muna lafiya, muna fatan kina lafiya.

Ruwa ya sauka. Maƙwabta duk sun shuka, na wasu ya fara huda ƙasa. Gonarmu ce kaɗai ja a tsakiyar kore, ciyawa ta fara rufe huɗar.

Na karanta wa Baba Ogola. Ya ce iri ba shi da waya, bai ji izinin ba.

Amma ba don shi ba ne, Mama. Kin tuna shekarar da Oluoch ya yi gaggawa ya zuba wake kafin motarki ta iso. Kin tuna yadda ɗana Owino ya yi ta ramewa a hannuna har ya tafi. Likita ya ce ciwon ciki ne, matan gari suka ce chira ce, ciwon da ke bin yaro in an tsallake babba. Ni ban san wanne ne gaskiya ba. Ina zuwa coci, ina jin fasto. Amma ba zan gwada da Akoth ba.

Ki zauna ki riƙe aikinki. Ni na san abin da zan yi.

Rispa

*

Karagita
Laraba

Rispa,

Ina gaisuwa. Me ke nan "na san abin da zan yi"? Me za ki yi? Kuma "ki riƙe aikinki", haka ake gaya wa uwa? Kina ganin daɗi nake ji a nan? Kina ganin na zaɓi tsoka na bar jikata? Ni na wanke Owino da hannuna, ba sai an tuna min ba.

Na kira ki wayar a kashe. Ki kira ni.

Mama

*

Karagita
Alhamis ta sama

'Yata,

Ban san ko kina ganin saƙonnin nan ba. Ina fatan kina lafiya, ke da yarinyar, duk inda kuke.

Na sami Oluoch a waya. Na ce ina matarka, ya ce ta yi tafiya. Na ce ina, ya ce ta faɗa amma lokacin ana ƙwallo. Na ce da Akoth, ya ce da ita, da jaka. Sai katin wayata ya ƙare. Wannan yaron, ban san wa ya biyo ba, ubansa dai yana jin magana.

Na gane, Rispa. Kin koma Sakwa gidan iyayenki, inda za a shuka a ci ba a jiran wata tsohuwa da ke ɗaure wa Turawa fure. Ban ga laifinki ba. Maganar da na yi miki da zafi, ki zubar da ita. Ke ba surukata ba ce, ke ce 'yar da ban haifa ba, kowa a Alego ya sani.

Jiya ina aiki na ɗaure fari cikin ja har sau biyu, Madam ta ce Mama lafiya? Na ce lafiya. Ina kallon kwalayen nan ana ta lodawa, kowanne zai je hannun uwar wani, ni kuwa gidana yana watsewa.

Ran Asabar zan mai da musu rigarsu da takalmin roba. In hau mota, Lahadi in jefa iri. Nekesa ta ce na haukace, ta ce, "Ni an kore ni ina kuka, ke za ki kori kanki?" Ta ɓoye min jakata a ƙarƙashin gadonta. Zan ɗaure kayana a zani.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin ciwon abin. Katin asibitin nan, na saba taɓa shi a aljihu. Amma ki dawo gida. Ki dawo kawai.

Mamanki

*

Alego
Juma'a da safe

Mama! Kada ki mai da rigar! Ki ce wa Nekesa ta zauna a kan jakar!

Muna lafiya, ni da Akoth, yanzu muka shigo gida, yanzu wayata ta kama, saƙonninki suka zubo gaba ɗaya. Wace Sakwa? Ni da na bar kajina da akuyata? Ɗanki kuma zan yi maganinsa, a gabansa na tsaya na faɗa har sau biyu, ya ce "to, to, a gaishe su."

Tsibirin Mageta na je, wurin Gwaggo Sela, yayar su Baba. Na ce in akwai wanda ya san wata hanya, ita ce, don ba wanda ya girme ta a dangin nan. Can ba waya, ga iska ta tashi jiragen ruwa suka ƙi fita, muka maƙale. Da na ce ki riƙe aikinki, riƙe shi nake nufi, Mama, da hannu biyu. Ban yi bayani ba ne don ina tsoron in sa miki rai a banza.

Na same ta tana shanya ƙananan kifi. Ba ta gani sosai, ta shafa fuskar Akoth ta ce wannan goshin namu ne. Na kwashe komai na gaya mata. Ta yi ta dariya har da tari. Ta ce, "Ku yaran yanzu kuna tsammani ku kuka fara zuwa aikin nesa? Lokacin da uwarmu take tsinkar shayi a Kericho, Bature ya hana ta zuwa, me aka yi? Ƙasa aka kai mata a kwando. Wa ya ce da ƙafa ake shuka? Hannu ne da ƙasa, in sun haɗu an gama."

Ga yadda ta ce. A haƙo ƙasa daga kan gona, daidai inda kike farawa kullum, ɗanki ne zai haƙa. A ɗebo iri daga tukunyarki. Ki shuka da safe a gaban mutane, ki kira sunan gidan. Sannan ƙasar ta dawo da irin a cikinta, a mai da ita raminta. Daga nan kowa ya shuka.

Na biya ta wurin Baba Ogola kafin in shigo. Ya ce shi bai taɓa jin wannan ba. Na ce Gwaggo ta ce in ka yi musu a tuna maka lokacin kana goye, ita ta riƙe kwandon, kai kana yi mata fitsari a baya. Ya ce Sela ba ta da kunya tun tana yarinya. Bai ce e ba, amma bai ce a'a ba, ya ce zai zo ya gani da idonsa.

Oluoch yana gona yanzu da fartanya. A baho shuɗi za a zuba ƙasar, in ɗaure bakinsa da zaninki, irin yana cikin ƙulli a sama. Zai hau bas ɗin yau. Ki je ofishinsu gobe.

'Yarki da ba ta je ko'ina ba,
Rispa

*

Karagita
Lahadi

Nyar Sakwa, 'yar albarka,

Ina gaishe ku. Lafiyata ƙalau, ƙugun ma yau ya yi shiru. Ban san ta inda zan fara ba, in kin ga kuskure ki gyara da kanki.

Jiya da na tashi aiki muka je ofishin bas ni da Nekesa. Yaron motar ya jawo bahon yana nishi ya ce, "Mama me ke ciki, duwatsu?" Na ce gonata ce. Ya ce, "To saura ki aiko a kawo miki rijiyar." Nekesa ta ɗora a ka, ta ƙi ba ni, wai ni ma'aikaciyar dindindin ce kada in karye.

Yau da safe kafin motar kamfani ta zo, don yanzu har Lahadi muna yin rabin yini, na fito da shi tsakar gida. Ni na ɗauka ni da Nekesa ne kawai shaidu. Na kwance zanin.

Rispa, ƙamshin.

Ƙasar tana da danshi har yanzu, ja wur, da 'yan saiwoyin ciyawa, har da tana guda tana motsi, ta yi tafiyar nan duka ba tikiti. Ƙamshin ya tashi ya cika tsakar gidan. Kin san furen kamfani ba a ƙasa yake tsirowa ba, cikin tsakuwa yake a kwami, bututu na ɗiga masa ruwa, mu kuma da safar hannu muke taɓa shi. Sai na tuna rabon da in sa hannuna tsirara cikin ƙasa tun bara. Na durƙusa na nutsa hannu biyu har wuyan hannu, na kasa tashi.

Da na ɗago sai na ga ƙafafu. Matan gidan hayar nan duk sun fito, wasu da rigar aiki, wasu da buroshi a baki, 'yan Kakamega, 'yan Kisii, har da yarinyar nan 'yar Turkana da ba ta magana da kowa. Ba wanda ya kira su. Wata ta ce, "Min Oluoch, in ɗan taɓa?" Na ce taɓa. Sai suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ta ɗiba ta shinshina ta mayar. Wata ta ce tasu ta fi wannan baƙi. Wata ta ce tasu tana manne wa ƙafa. Wata ta sa a harshe. Nekesa ta ce, "Ku yi a hankali, ku bar wa matar nan gonarta, kada ku cinye." Mai gidan haya ya fito zai yi faɗan hayaniya, da ya ga abin da ake yi sai ya cire hularsa ya tsaya.

Na yi rami da yatsa. Na ce, wannan ƙasar gidan Okumu ce, mijina, a Alego. Ni ce matarsa. Na jefa masara, na jefa wake, na jefa dawa, na rufe. Na ce 'ya'yana su shuka a bayana lafiya, su ci lafiya, kada kan kowa ya yi ciwo. Sai matan suka amsa amin, kowa da yarenta, 'yar Turkanar nan kuma ta saki guɗa, irin da ban taɓa ji ba, har karnukan layi suka amsa.

Akwai wata 'yar Ugenya, can wajenmu, da ke aiki a ɗakin sanyi na kamfani, ashe ita ma gidanta suna can suna jiranta, ta riga ta sayi tikitin tafiya ba ta gaya wa kowa ba. Ta riƙe ni tana kuka tana cewa, "Haka ake yi? Dama ana yin haka?" Na ce ni ma jiya na sani. Kafin motar kamfani ta iso ta kira ɗanta ta ce ya nemo baho.

Na je aiki da jar ƙasa a farce. Madam ta kalli hannuna ta kalle ni, ta ce, "Mama sa safar hannu," ta wuce. Da ta kai ƙarshen layi ta juyo ta ce, "An shuka?" Na ce an shuka.

Abu ɗaya zan gaya miki, ke kaɗai. Da nake ɗaure bakin bahon sai na ji wani iri. Shekarun nan duk ina cewa gonar nan ba za ta yi ba sai na taka ta. Ashe za ta iya zuwa ta same ni ta koma. Ban san ko murna nake ba ko kishi. Ina ga duka.

Nekesa ta kai shi bas ɗin rana, na biya ta ladan ɗauka, ta karɓa da zagi. Ki tare shi gobe.

Mamanki,
Perpetua

*

Alego
Alhamis

Mama,

Muna gaishe ki, kowa lafiya, Akoth tana nan tana cin rogo a gefena.

Na san kin ƙagu. Bahon bai iso ran Litinin ba. Kogi ya cika ya hau titi a Ahero, motoci suka tsaya, aka sauke kaya a wani shago. Kullum sai na je ofishin bas a Siaya a ce ba labari. Ban gaya miki ba don na san ki, sai ki ɗaure kaya a zani. Jiya ina zaune a wurin sai ga mata uku sun shigo, kowace da baho a ka an ɗaure da zani. Mai karɓar kaya ya dafe kai ya ce, "Wai ku so kuke ku kwashe Siaya ku kai Naivasha?" Ya ce daga yau ƙasa da awo za a biya.

Yau da safe ya iso. Oluoch ya ɗauko shi a babur, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko amarya. Muka wuce gona kai tsaye. Matan cocinmu sun zo taya mu da fartanyoyi, don mun makara, ciyawa ta yi yawa. Baba Ogola ya riga kowa, yana tsaye a bakin ramin ya dogara da sanda, fuskar nan a murtuke. Ya ce, "Wa ya san ma ko ta shuka? Wa ya gani? Ni ban ga komai ba sai baho."

Na durƙusa na kwance zanin.

Mama, sun tsiro. A cikin duhun zani, a cikin shagon mutane, a kan hanya. Masarar ta fito da kai fari kamar allura, waken ya lanƙwaso wuya ya ɗaga ƙasa. Na ji wata a bayana ta ce Yesu. Na maƙwabta sun riga namu, amma ba wanda nasa ya yi tafiya ya dawo da ransa.

Baba Ogola ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Ya miƙa wa Oluoch sandarsa. Da hannunsa ya tallafo ƙasar gaba ɗaya don kada saiwar ta karye, ya zaunar da ita a raminta, ya danna gefe da gefe. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "To, uwar gida ta shuka. Ku kuma me kuke jira, a aiko muku da takarda?"

Na ɗebi iri. Na kalli Akoth tana bin fara a bakin gona. Na sunkuya na jefa, Mama.

Mun gama rabin gonar kafin rana ta yi zafi, gobe za mu ƙarasa. Ga hadari nan ya taso, bari in kwashe shanya.

'Yarki,
Rispa